Ba a Baƙunta Kawu Ya Rasu Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Kawu ya riga mu isa. Na karɓi wannan, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Abin da ban karɓa ba shi ne maganar da aka yi a ƙofar gidanmu ranar da aka kai shi makwancinsa. Saboda ita na zauna nake wannan rubutu, ni da hannuna ya fi sabawa da almakashin yankan atamfa a kan alƙalami.

Zongo, unguwarmu a nan Kwatano, ta cika ranar nan. Layinmu ya toshe tun daga bakin masallaci har kwanar da ake fita zuwa Jonke. 'Yan zemijan suka jingine baburansu suka shiga sahu da rigunansu na aiki. Lauyoyi abokan aikinsa suka zo cikin baƙaƙen kwat suna ta gumi, aka shimfiɗa musu tabarma, suka zauna a takure don ba su saba ba. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Fon, mai sayar da kifi, ta faɗo cikin gida tana kiran Metir, Metir, sunan da ake kiran lauya da shi a garin nan, sai da aka riƙe ta. Wasu kuma, da kunnena na ji su, suna cewa mutumin kirki ne amma ya cika faɗa. Ya cika faɗan, ban musa ba. Da faɗan nasa 'ya'yanku suka samu shiga lekol, makarantar boko.

Inna, mahaifiyata, ita ce yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Tana zaune a tsakar gida da carbi a hannu, mata suna shigowa suna durƙusawa, tana amsa gaisuwa da murya ɗaya kamar mai amsa sallamar maƙwabta. Ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Mata suka riƙa yaba mata haƙuri. Ni da na san ta, na san ba haƙuri ba ne, kukan ne ta riƙe.

Da maza suka dawo daga maƙabarta suka zauna a ƙofar gida, aka ba Baffa addu'a. Baffa ƙanin kakanmu ne, shi ne mafi tsufa a zuriyarmu, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka haifa a Katsina. Ya yi addu'a mai kyau, ya shafa, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki, haka rayuwar baƙo take. Ga shi ya rasu a baƙunta, ƙasar ubansa ba ta samu gawarsa ba."

Mutane suka amsa da Allah sarki. Ina cikin zaure ina miƙa ruwa, na ji jinina ya hau. Na yunƙura zan fita, Tanti, matar Kawu, ta damƙe mini hannu ta girgiza kai. Zauren gidanmu ba ya ɓoye magana, don haka Inna ma ta ji. Na ga carbin ya tsaya a hannunta, can ya ci gaba da tafiya.

To bari in gaya muku wanda aka kira baƙo.

Wanda ba ɗan Zongo ba sai an yi masa bayani. Mu nan, in ka tambayi mutum ɗan ina ne, ba ya gaya maka inda aka haife shi, garin kakansa yake faɗa. Wannan Bakano, wancan Basakkwace, wancan ɗan Damagaram, alhali ko hanyar tashar garin bai sani ba. Haka iyaye suka koya mana, kuma muna alfahari da shi. Amma ranar da mutum ya je ofis neman takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, ma'aikaci ya tambaye shi, ya buga ƙirji ya ce Kano, sai ma'aikacin ya rubuta abin da ya ji. Shi ke nan, ka mai da kanka baƙo da bakinka. Can Kano ba su san da zamanka ba, nan kuma kai ka ce ba na nan ba ne. Ga shi yawancin iyayenmu a gida aka haife su, hannun ungozoma, ba wanda ya kai labarin haihuwarsu ofis.

Kakanmu fataucin fata ne ya kawo shi daga Katsina, ya auri kakarmu haifaffiyar Zongo, ya zauna har ya mutu. Kullum yana gaya wa 'ya'yansa, duk wanda ya tambaye ku, ku ce Katsina. Inna ta riƙe wannan magana kamar karatun sallah. Kawu kuwa, da ya gama sakandare, sai ya ce bari ya je ya ga Katsinar nan da idonsa. Labarin tafiyar ya ba mu shi har mun haddace.

"Na je da ɗokina," yakan ce, "na nemi gidan su Baba na samu. Wallahi sun karrama ni. An yanka kaza, an share mini ɗakin baƙi. Yara suna leƙowa suna cewa ga ɗan Kwatano, ku zo ku ji Hausarsa. Da na kwana biyu sai dattijon gidan ya kira ni, cikin mutunci ya ce, to yaro, yaushe za ka koma gida?" A nan Kawu yakan tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Can baƙo, nan baƙo. To ni a sama aka haife ni?"

Daga wannan tafiya ya dawo ya karanci shari'a, kuma duk abin da ya yi bayan nan daga wannan tambaya ya fito.

Ofishinsa yana saman wani shagon kayan gyaran mota, da matakala mai wahalar hawa da fanka mai ƙara. Ya yi shari'o'i iri-iri, na gado, na fili, na direbobi, amma ƙofarsa ta fi ganin masu neman a shaide su. Mutum zai zauna ya fara, ai mu asalinmu daga kaza muke, sai Kawu ya ɗaga hannu. "Bar zancen kakanka, Allah ya jiƙansa. Kai nake tambaya. A ina aka yanke cibiyarka?" Har dattijai masu furfura, kamar ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba. Sai mutum ya sosa ƙeya ya ce, ai a nan ne, bayan masallacin Juma'a. Kawu ya ce, to haka za ka faɗa gobe, ba ƙari ba ragi.

Ba ya ƙin zuwa suna, ko na wane ne. Zai zo da sassafe da farar rigarsa, ya yi wa jariri addu'a, sannan ya juya ga uban ya ce, "An je meri?" Wato an kai sunan yaron ofishin magajin gari an yi masa rajista? In an je, zai zauna ya ci nama har ya nemi ƙari, don Kawu mutum ne mai son ƙashin haƙarƙari. In ba a je ba, zai ajiye goron da aka ba shi a kan tabarma ya miƙe. Wani uban ya taɓa harzuƙa ya ce, "Metir, suna ka zo ko shari'a?" Kawu ya ce, "Duka biyun. Ragon nan kafin la'asar ya ƙare. Yaron kuwa sai ya yi furfura yana neman wanda zai ce ya ga haihuwarsa." An yi ta ƙorafi cewa yana kunyata mutane a gaban baƙinsu. Ko a jikinsa. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama in an hango shi ya shigo layi, uban jariri da kansa yake tarbarsa yana cewa an je, Metir, an je, zauna ka ci.

Lokacin da na haifi ɗana na fari, maigidana yana kan hanya da motar kaya, ya yi arewa. Damina ce, layinmu ya zama tafki. Kawu ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ƙulle rigar lauyansa a leda, ya hau zemijan ya je meri ya bi layi da kansa cikin mata masu goyo. Wani ma'aikaci ya gane shi ya ce ya shigo ciki ya zauna, ya ƙi, ya ce yau kakan jariri ne shi, ba lauya ba. Ya dawo jiƙe sharkaf, ya sa mini takardar a ƙarƙashin matashi, ya ce in Inna ta dama kunu a ba shi mai zafi.

Ya rubuta littattafai. Manyan da Faransanci ya yi su, ƙananan kuma da Hausa, boko a shafi ɗaya, ajami a ɗaya. Yakan ce na Faransancin na masu riƙe da hatimi ne, na Hausan kuma na masu bin layi. Da ya lura ana karɓa ana ajiyewa a saman kwaba ba a karantawa, sai ya koma zama a bencin mai shayi da hantsi yana karanta wa direbobi da 'yan dako da babbar murya, suna katse shi suna gardama, shi kuwa abin da yake so ke nan. Ta kowane ɓangare ya sha suka. A cikin gari wasu suka ce yana buɗe wa baƙi ƙofa. A Zongo dattijai suka ce yana so ya raba yara da tushensu. Amsarsa ba ta canzawa. "Ban ce kowa ya yar da ubansa ba. Ka riƙe Katsinarka, ka tuƙa tuwonka yadda kakarka ta tuƙa. Amma ƙasar da ka yi rarrafe a kanta, kada ka yarda a ce aro aka ba ka."

Tanti ta yi shekaru tana roƙonsa su koma unguwar Agontinkon, inda babu hayaniyar tasha. Ya ce in ya tashi za a ce ga shi nan, ko shi da ya yi boko ya gudu ya bar mu. A gidan gado ya zauna har ƙarshe, ɗakinsa yana kallon na Inna.

Mutumin da ya sa rabin Zongo ta koyi faɗin inda aka haife ta, mutum ɗaya ce ta gagare shi, kuma ita ce wadda ta goya shi.

Inna ba ta da buri a duniya irin zuwa Hajji. Mu 'ya'yanta mun daɗe da shirya mata, abu ɗaya ne ya tare hanya: ba ta da fasfo, kuma ba a ba da fasfo sai da shaidar haihuwa. Tunda ba a yi mata rajista ba, sai ta tsaya gaban alƙali ta faɗi inda aka haife ta, shaidu su tabbatar. Aiki ne da Kawu ya yi wa mutane ba iyaka. Ya shigar da maganarta, ya zauna da ita ya yi mata bayani dalla-dalla, tana ta gyaɗa kai. Shi ne ma zai raka ta Makka a matsayin muharrami, har ya sayo musu jaka iri ɗaya.

Ina wurin ranar. Alƙali ya tambaya, tafinta ya juya mata da Hausa tsaf, a ina aka haife ki. Ta ji sarai, ta kuma gane. Ta gyara mayafi ta ce, "Ni Bakatsiniya ce." Aka sake tambaya. Ta ce, "A rubuta Katsina." Alƙali ya dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa, aka rufe magana.

A kan matakalar kotun suka yi ta, shi da baƙar rigarsa, mutane suna wucewa suna kallo.

"Yaya, me na yi miki? A ɗakin kusa da rijiya aka haife ki, kin sani, na sani."

"Na sani, Auta. Amma Baba ya ce mu ce Katsina. Kai ka musanya ubanka da takarda, ni ba zan yi ba."

 Kawu ya cire rigar ya naɗe, ya tari zemijan ya tafi. Daga nan suka daina magana sai gaisuwa, a gida ɗaya, ƙofa tana kallon ƙofa. Amma kullum da safe Inna za ta zuba koko da ƙosai ta ajiye a bakin ɗakinsa, shi kuma ya shanye ya wanke kwanon da hannunsa ya mayar bakin nata. Hajji ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce. Gwiwoyin Inna suka fara ƙin ɗaukarta, har ta koma yin sallar nafila a zaune. Jakunkunan nan biyu suna saman kwaba suna shan ƙura. Raina ya sha ɓaci da su duka biyun, na kuma gaya musu, ba wanda ya saurare ni.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, Inna ta kai masa kokon da kanta. Ya dube ta ya ce, "Yaya, na sake shigar da maganarki." Ta ce, "Sha kokonka." Iyakar abin da suka ce ke nan a kai. Bai tashi daga wannan kwanciya ba.

Bayan an yi sadakar arba'in, 'yar Kawu, wadda ita ma lauya ce kuma ita ta gaji ofishin, ta zo ta durƙusa gaban Inna. Ta ce, "Gwaggo, ranar da kotu ta ba Baba a kan maganarki ta zo. In janye ne?" Inna ta ce, "Ku samo mota. A ɗauko Baffa, shi ne shaida." 

Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. Na ce, "Inna, in Katsina za ki je ki faɗa, ki bar mu a gida. Kada ki kunyata shi yana kabari." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke har kin isa ki gaya mini abin da zan faɗa? Ɗauko mini takalmina."

Hankalina bai kwanta ba har muka shiga. Na san in ta sake yin irin ta wancan karon, an gama, Makka sai dai ta ji a bakin mutane. Ga kuma shaidan namu, mutumin da ya kira Kawu baƙo a gaban jama'a.

Baffa aka fara kira. Aka ba shi kujera, ya jingine sandarsa. Duk abin da za a ce game da Baffa, ba ya ƙarya. Ya ce, "Ni aka aika na kira ungozoma, ina saurayi. A gidan da muke ciki yanzu, ɗakin kusa da rijiya. Ranar suna ma ni na riƙe ragon."

Sai aka juya ga Inna. Tafinta ya ce, "Hajiya, alƙali yana tambaya, a ina aka haife ki?"

Ta ce, "Ban zama Hajiya ba tukuna, shi ya kawo ni." Ta dafa ƙarfen da ke gabanta ta miƙe tsaye, duk da an ce ta zauna. "A Kwatano aka haife ni. Zongo."

Tafinta ya juya zai fassara, ta ɗaga masa hannu, irin ɗagawar da Kawu yake yi.

"Ban gama ba. Ubana Bakatsine ne, a rubuta wannan ma, ba na ɓoye shi. Amma a ɗakin nan aka yanke cibiyata, a nan aka yanke ta ƙanena. An ce wai ya rasu a baƙunta." Ta juya ta dubi Baffa. "Baffa, ka gafarce ni, kai uba ne a wurina, amma ba haka ba ne. A garinsa ya mutu, a ƙasarsa aka sa shi. In ni baƙuwa ce, to shi ma baƙo ne. Ni kuwa ba zan bar ƙanena kwance a garin mutane ba."

Tafinta ya fara juyawa. 'Yar Kawu ta sunkuyar da kai kan takardunta, kafaɗunta suna rawa. Alƙali ya saurara har ƙarshe, ya rubuta, ya ce ya gamsu.

Da muka fito, ina riƙe da Baffa muna sauka a hankali, sai na ji ya ce, ba da ni yake ba, "Yaron nan ko da ya mutu bai daina gardama ba." 

Inna kuwa ta tsaya a tsakiyar matakalar, daidai inda suka yi faɗan nan. Na ɗauka gwiwa ce, na koma zan kama ta. Ta zauna a ƙasa da sabon zanenta ta ce, "Da yana nan da ya ishe ni da dariya." Sai kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa ya ƙwace mata. Ta yi shi da ƙarfi, a bainar jama'a, tana kiran Auta, ban hana ta ba, na zauna kusa da ita muka yi tare.

Fasfon ya fito. Yayana ne zai raka ta, kuma ta ce jakar Kawu zai ɗauka, kada a sayi wata.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya tsaya wa waɗanda ba su da mai tsaya musu, Ka tsaya masa ranar da babu lauya. Ka yafe masa zafin zuciyarsa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Inna ta isa inda ya so ya kai ta da ƙafafunta.

Masu zuwa gaisuwa, har yanzu ƙofa a buɗe take, akwai tabarma akwai ruwa, mun gode. Ku ce ya cika faɗa, za mu amsa. Amma kada wani ya sake cewa baƙunta a ƙofar gidan nan. Inna ta ce duk wanda ya faɗa, kada a riƙe ni, kuma ita ma za ta fito da kanta.